Yadda Ake Kafa Imel Mai Tafiya da Kansa Don Tara Sharhin Kwastomomi

Kwastoman da ya ji daɗin kaya yawanci shiru yake yi. Ya karɓi abinsa, ya yi masa, ya ci gaba da harkokinsa. Wanda aka ɓata wa rai kuwa ba ya jiran a tambaye shi. Da kansa zai nemo shafinka, ya danna tauraro ɗaya, ya zuba bayani har sakin layi uku. Shi ya sa kasuwancin da bai taɓa roƙon sharhi ba sau da yawa makinsa yake zama ƙasa da ainihin ingancin aikinsa.

Duba lissafin. A ce kana da sharhi 10, biyar masu tauraro biyar, biyar masu tauraro ɗaya. Matsakaicin makinka 3.0 ke nan. Idan ka fara tambayar duk wanda ya saya, sababbin sharhi 40 suka shigo da matsakaicin 4.5, makinka gaba ɗaya ya koma 4.2, alhali ba ka goge ko sharhi ɗaya ba. Aikin imel mai tafiya da kansa ke nan: ya tambayi kowa, a lokacin da ya dace, ba tare da wani ma'aikaci ya tuna ba. Ba zai mayar da mummunan kaya mai kyau ba, kuma idan aikinka yana da matsala, zai sa a ji labarinta da wuri.

Fara da zaɓen wuri ɗaya

Kafin ka taɓa kowace manhaja, yanke shawarar inda kake son sharhin ya sauka. Saƙon da ya jera Google da Facebook da shafin tara sharhi na Trustpilot a lokaci guda ya bar wa kwastoma aikin zaɓi, kuma wanda aka bar wa zaɓi a irin wannan wuri rufe saƙon yake yi.

Idan mutane suna zuwa wurinka da ƙafa, ko kai kake zuwa gidajensu yin aiki, Google ne ya fi maka amfani, saboda taurarin suna fitowa a taswira da sakamakon bincike. A cikin Google Business Profile, wato shafin kasuwancinka a Google, akwai maɓallin neman sharhi, wanda zai ba ka gajeren mahaɗi mai farawa da g.page/r/. Shi za ka kwafa, domin kai tsaye yake buɗe akwatin rubutu. Kada ka tura mahaɗin shafin kasuwancin kawai, don kwastoma sai ya sha lalube kafin ya ga inda ake rubutawa. Ka kuma sani cewa sai mai asusun Google ne zai iya rubutawa a can.

Shagon intanet kuwa ya fi buƙatar sharhi a ƙarƙashin kowane kaya, inda mai saye yake tsaye yana shawara. Manhajoji irin su Judge.me da Yotpo wannan aikin suke yi. Trustpilot ya fi dacewa da sharhi a kan kamfanin gaba ɗaya, kuma yana da hanya mai sauƙi: ana ba ka wani adireshin imel na musamman, ka sa shi a layin ɓoyayyen kwafi na saƙon tabbatar da oda, su kuma su aika da gayyatar bayan kwanakin da ka zaɓa. Masu otal suna da Review Express, tsarin aika roƙon sharhi na shafin matafiya na Tripadvisor.

Wurare biyu suna da doka tasu dabam. Yelp, wani shafin sharhi a kan wuraren kasuwanci, ba ya son a roƙi sharhi kwata-kwata, don haka kada ka sa mahaɗinsa a cikin wannan tsari. Amazon kuma ba ya ba ka ainihin adireshin imel na mai saye. Akwai maɓallin neman sharhi a shafin kowace oda, ana iya danna shi sau ɗaya tsakanin kwana 5 zuwa 30 bayan an kai kaya, kuma Amazon ne yake rubuta saƙon, ba kai ba.

Kayan aiki da izini

Abubuwa uku ne za su yi magana da juna: wurin da ake rubuta ciniki (Shopify, WooCommerce, manhajar ajiye lokacin zuwa, ko ma teburin Google Sheets), manhajar aika imel (Mailchimp, Klaviyo, Brevo, Omnisend da ire-irensu), sai kuma gadar da ke tsakaninsu. Yawancin manhajojin imel suna haɗuwa da manyan shagunan intanet da dannawa kaɗan. Inda babu haɗi kai tsaye, Zapier ko Make suna iya ɗaukar sabon layi daga tebur su miƙa wa manhajar imel. Bayanan da dole su tsallaka su ne adireshin imel, sunan kwastoma, abin da ya saya, lambar oda, da ranar da kaya suka isa ko aiki ya ƙare. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Batun izini kada ka ɗauke shi da wasa. Masu kasuwanci da yawa suna ganin roƙon sharhi tamkar rasit ne, wanda ake aikawa ba tare da neman izini ba. Ba ko'ina doka take kallonsa haka ba. A shekarar 2018 babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke cewa roƙon kwastoma ya ba da maki talla ne, ko da a cikin saƙon rasit aka cusa shi. A Amurka dokar CAN-SPAM ta 2003 ta wajabta wa saƙon talla ya ɗauki adireshin gidan waya na mai aikawa da hanyar fita, a kuma cire sunan wanda ya nemi fita cikin kwanakin aiki 10. Hanya mafi aminci ita ce ka ɗauke shi a matsayin talla tun farko: ka faɗa a wurin biyan kuɗi cewa za ka tuntuɓi mai saye don jin ra'ayinsa, ka ba shi damar ƙi, ka sa mahaɗin fita a ƙarƙashin kowane saƙo.

Gyara domen kafin saƙo na farko ya fita

Nan ne ake asarar da ba a gani. Manhaja za ta nuna maka “an aika”, alhali saƙon yana kwance a akwatin tarkace.

Kada ka sa adireshin kyauta na Gmail ko Yahoo a matsayin mai aikawa ta cikin manhajar imel. Yi amfani da adireshi a domen ɗinka, wato sunan shafinka na intanet da ke zuwa bayan alamar @, sannan ka shiga saitin DNS, inda ake rubuta bayanan domen, a wurin kamfanin da ke riƙe da domen ɗin ka ƙara layuka uku.

Na farko SPF, wanda yake faɗa wa duniya waɗanne na'urori ne aka yarda su aika saƙo da sunanka. Yana farawa da v=spf1. Kurakurai biyu aka fi yi a kansa. Domen ɗaya layin SPF ɗaya yake ɗauka. Idan ka tarar da wani a wurin, a cikinsa za ka ƙara sabuwar manhajar, ba ka buɗe na biyu ba, domin layi biyu suna lalata juna. Sannan ƙa'idarsa ta taƙaita binciken DNS da layin zai jawo zuwa sau 10, don haka wanda ya tara manhajoji da yawa a layin zai iya wuce iyaka ya karya shi bai sani ba.

Na biyu DKIM, sa hannu ne na dijital a kan kowane saƙo. Manhajar imel ce za ta ba ka abin da za ka kwafa. Kwafa shi yadda yake, harafi da harafi. Wasu kamfanonin domen suna liƙa sunan domen ɗinka da kansu a ƙarshen abin da ka rubuta, don haka idan kai ma ka rubuta shi, ya zama sau biyu, tantancewa ta ƙi.

Na uku DMARC, wanda yake faɗa wa masu karɓa abin da za su yi da saƙon da bai tsallake tantancewar biyun farko ba, ana sa shi a ƙarƙashin sunan _dmarc, kuma don farawa v=DMARC1; p=none ya isa. Canjin DNS yakan fara aiki cikin mintuna, amma yana iya kai wa awa 48, saboda haka kada ka yi ta sake gyara don ka ga manhajar imel ba ta nuna an tantance nan take ba.

Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta. Wanda ke aika saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa Gmail dole ya cika duka ukun, ya sa hanyar fita ta dannawa ɗaya, ya kuma cire mai son fita cikin kwana biyu. Microsoft ya bi sahu a watan Mayun 2025 ga adiresoshin Outlook. Ko ba ka kai wannan adadi ba, yi su duka, don aikin rabin awa ne. Adadin da za ka sa wa ido shi ne na masu kai ƙarar saƙonka a matsayin tarkace: Google ya ce kada ya kai kashi 0.3 cikin 100, wato mutum uku cikin 1,000, kuma ya fi son ya zauna ƙasa da mutum ɗaya cikin 1,000. Ana ganin wannan adadi kyauta a Postmaster Tools, shafin Google na masu aika imel.

Abin da zai tayar da saƙon, da tsawon jira

Duk wani tsari mai tafiya da kansa yana da abin da ke tayar da shi. Mafi yawan tsare-tsaren da suka lalace a nan suka lalace, domin an ɗaure su da ranar biyan kuɗi. Kwastoma ya biya Litinin, kaya suka makale a hanya, ranar Juma'a saƙo ya iso yana tambayarsa yadda ya ji daɗinsu. Kai da kanka ka miƙa masa mahaɗin da zai huce haushinsa a ciki.

Ɗaure shi da isar kaya. Ka lura, a Shopify matakin “an cika oda” yana nufin kaya sun bar hannunka ne, ba sun isa ba. Idan kamfanin jigilarka yana dawo da bayanin isarwa cikin shagon, yi amfani da wannan. Idan ba ya yi, ɗauki kwanakin da jigila ta fi daɗewa, ba matsakaici ba, ka ƙara a kan lokacin jira. A WooCommerce kuwa, odar kayan da ake aikawa ba ta komawa matakin “an kammala” sai wani ya mayar da ita da hannu ko an sa wata manhaja ta yi. Idan ma'aikaci bai saba yi ba, saƙo ko ɗaya ba zai fita ba, kai kuma kana can kana zargin manhajar imel.

Tsawon jira ya danganta da tambaya ɗaya: yaushe ne mutum zai iya faɗin gaskiya a kan abin? Aikin da ake ganin sakamakonsa nan take, kamar aski, gyaran famfo ko kwana a otal, a aika cikin awa 2 zuwa 24, tun yana tuna sunan wanda ya yi masa aikin. Tufafi, takalma da ƙananan kayan da ake gwadawa ranar da suka iso, kwana 3 zuwa 7 bayan isarwa. Na'urar da sai an haɗa an koyi aiki da ita, mako ɗaya zuwa biyu. Katifa, man shafawa da duk abin da tasirinsa yake bayyana a hankali, mako uku zuwa huɗu. Manhaja ko darasin intanet kuwa ba da kwanaki ake auna su ba. Jira mutum ya kai wani mataki, misali ya gama kashi na farko na darasin, sannan ka tambaya. Waɗannan wuraren farawa ne, kasuwancinka ne zai gyara maka su. Idan sharhin da ke shigowa duk a kan saurin jigila da kyawun kwali suke magana, ka yi gaggawa. Idan ba a amsawa, ka makara, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Ƙara sharaɗin lokaci: saƙo ya fita da rana bisa agogon ƙasar mai karɓa, ba ƙarfe uku na dare ba.

Wa za a tsallake, wa za a jinkirta

Sa waɗannan sharuɗɗa, kuma ka tabbata manhajar tana duba su a lokacin da saƙon zai fita, ba a lokacin da mutum ya shiga layi ba, domin abubuwa da yawa suna canzawa cikin mako guda. A tsallake wanda ya soke oda kafin a kai masa, wanda ya nemi a cire sunansa, wanda adireshinsa ya dawo da saƙo saboda babu shi, da wanda ya riga ya rubuta sharhi. A tsallake ma'aikatanka da odar gwaji. Wanda yake saye akai-akai kuma a sa masa iyaka, misali roƙo ɗaya cikin kwana 90. Sharhi a kan kasuwancin gaba ɗaya kuwa sau ɗaya ya isa.

Mai ƙorafin da ba a warware ba jinkirta shi za a yi, ba cirewa ba. Haɗa manhajar karɓar ƙorafi da ta imel, ko ka liƙa masa alama da hannu, saƙon ya tsaya har a rufe maganar, sannan ya fita bayan kwana biyu ko uku. Wanda aka gyara wa matsala cikin mutunci yakan rubuta sharhin da ya fi kowane gamsar da mai karatu, domin ya amsa tambayar da ke zuciyar duk mai saye daga nesa: idan abu ya lalace, mutanen nan za su ɗauki waya?

Rubutun saƙon

Gajere, kamar daga hannun mutum, da buƙata guda ɗaya. Sunan mai aikawa ya zama na mutum haɗe da na kasuwancin. Adireshin amsa ya zama wanda ake karantawa kullum, domin wasu ba za su danna komai ba, amsa kawai za su rubuto, kuma sau da yawa masu matsala ne. Taken saƙon ya ambaci abin da aka saya, kada ya wuce harufa 40 zuwa 50 don kada waya ta yanke shi. “Yaya takalmin ya yi muku?” ya fi “Ra'ayinku yana da matuƙar muhimmanci a gare mu” nesa ba kusa ba. Ga samfuri:

“Assalamu alaikum. Mako guda ke nan da takalminku ya iso, muna fata ya zauna daidai. Idan kun sami minti biyu, muna roƙon ku rubuta yadda kuka same shi, mai daɗi ko akasin haka. Masu saye a bayanku da abin da kuka rubuta za su yi shawara. Ga wurin rubutawa. Idan kuma akwai abin da bai yi daidai ba, ku amsa wannan saƙon, zai zo hannunmu kai tsaye. Mun gode.”

Lura da “ku”. Manhaja ba ta san namiji ko mace take yi wa magana ba, kuma “ka” da ya faɗa wa mace ya tona asirin cewa na'ura ce ta rubuto. Haka ma gurbin suna: sa abin da zai maye gurbinsa idan babu suna a rajista, in ba haka ba saƙo zai fita da giɓi ko da wasu alamomi marasa ma'ana.

Mutane da yawa suna son rubutawa amma ba su san me za su ce ba, sai su bar “yana da kyau” kawai. Tambaya ɗaya ko biyu tana buɗe musu baki: girman ya yi daidai? Me kuke amfani da shi a kai? Abin da ba za ka yi ba shi ne rubuta musu jumlar da za su kwafa, ko roƙon tauraro biyar.

Maɓallin ya zama babba yadda yatsa zai same shi a waya, ya kuma fito ba tare da an ja allo ƙasa ba. Kada ka sa tallar wasu kaya ko mahaɗan shafukan sada zumunta a kusa da shi. Kada ka yi amfani da manhajojin gajarta mahaɗi na jama'a, domin masu damfara sun ɓata musu suna a wurin matatun imel. Ka kuma rage ado: Gmail yana yanke saƙon da nauyinsa ya wuce kilobait 102, abin da ke ƙasa, har da mahaɗin fita, ya ɓuya, wanda bai ga hanyar fita ba kuma maɓallin tarkace zai danna.

Wata dabara da ta yaɗu ita ce jera taurari biyar a cikin saƙon, kowane da mahaɗinsa. Tana aiki, amma da tarko. Matatun tsaro na kamfanoni da yawa suna buɗe duk mahaɗan da ke cikin saƙo don bincike kafin mai shi ya gani. Idan tsarinka yana rubuta maki daga dannawa ɗaya, za ka tara makin da ba mutum ne ya bayar ba. Bari dannawar ta kai shi shafi, ya tabbatar a can.

Tacewa da tukwici

Za ka ga manhajoji suna tallata wannan tsari: a fara tambayar kwastoma ko ya gamsu, idan ya ce e, a tura shi Google, idan ya ce a'a, a tura shi wani fom na sirri, kada ya ga mahaɗin Google ko kaɗan. A ido wayo ne. Google ya haramta shi tun 2018, ƙa'idarsa ta hana zaɓen masu gamsuwa kaɗai don roƙon sharhi da kuma hana masu ƙorafi rubutawa. Trustpilot ma ya ce a gayyaci kowa ba tare da zaɓe ba. Hukuncin shi ne goge sharhin, wani lokaci har da alamar gargaɗi a shafinka inda kowa zai gani.

Hukumomi ma sun shigo. A watan Janairun 2022 kamfanin tufafi na Fashion Nova ya amince ya biya dala miliyan 4.2 bayan hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta zarge shi da ɓoye sharhin da bai kai tauraro huɗu ba a shafinsa. A watan Oktoban 2024 sabuwar ƙa'idar hukumar ta fara aiki, ta haramta sharhin bogi, da biyan lada bisa sharaɗin a yabi kaya, da danne sharhi mara daɗi, tarar kuma tana iya haura dala 50,000 a kan kowane laifi. Birtaniya ta fara aiki da nata haramcin a watan Afrilun 2025. Saboda haka idan manhajar sharhinka tana da saitin “a wallafa masu tauraro huɗu da biyar kaɗai”, kashe shi yau. Abin da za ka iya cirewa shi ne zagi, bayanan sirri, da sharhin da ba shi da alaƙa da kayan, kuma da ma'auni ɗaya ga mai yabo da mai suka.

Akwai halastacciyar hanya ta samun abin da masu tacewa suke nema. Kwana ɗaya ko biyu bayan isarwa, aika saƙon dubawa: kaya sun iso lafiya? Ga yadda ake haɗa su, ga inda za a same mu. Babu maganar sharhi a ciki. Masu matsala za su fito a nan, ka gyara. Bayan kwanaki saƙon sharhi ya tafi wa kowa, har da su. Bambancin shi ne ka gyara matsalar ne, ba ka rufe bakin mai ita ba.

Tukwici kuwa, Google, Tripadvisor da Trustpilot duk sun hana ba da rangwame, kyauta ko kuɗi don sharhi, ko da ba ka ce a yabe ka ba. Amazon ya hana tun 2016, in ban da shirinsa na Vine, inda ake ba zaɓaɓɓun masu sharhi kaya kyauta. A shafinka na kanka ana iya yi a wurare da yawa, amma da sharaɗi biyu: ladan ya zama ɗaya ga mai tauraro ɗaya da mai biyar, kuma a bayyana a jikin sharhin cewa an ba da lada. A ganinmu bai cancanci wahalar ba, don sharhin da rangwame ya jawo gajere ne, kuma mai karatu yana gane shi.

Tunatarwa da tsofaffin kwastomomi

Tunatarwa ɗaya, bayan kwana 5 zuwa 7, ga wanda bai danna mahaɗin ba. Canza take, gajarta rubutun, ka faɗa cewa wannan ne na ƙarshe, kuma ya zama na ƙarshen. Google ba ya sanar da manhajarka cewa wane ya rubuta, shi ya sa ake dogaro da dannawa.

Jerin tsofaffin kwastomomi yana da jan hankali, amma kada ka tura wa mutum 3,000 a rana ɗaya. Adiresoshi da yawa sun mutu, saƙonni za su dawo da yawa, sunan domen ɗinka ya ɓaci. Kuma shafin da yake samun sharhi biyu a wata idan ya wayi gari da 80, matatar Google tana iya ɗaukarsu na bogi ta ɓoye. Fara da waɗanda suka saya cikin wata uku da suka wuce, mutum 20 zuwa 50 a rana, ka riƙa ƙarawa idan komai lafiya. Wanda ya wuce shekara bai saya ba, ƙyale shi.

Gwaji da awo

Kafin ka kunna, rage jiran zuwa minti biyar, yi odar gwaji da adiresoshinka na Gmail, Outlook da Yahoo. Duba inda kowane ya sauka. A Gmail buɗe ainihin saƙon daga menu, ka ga SPF, DKIM da DMARC duk sun wuce. Danna maɓallin a waya, ba a kwamfuta kaɗai ba. Soke oda ɗaya ka tabbata saƙonta bai fita ba. Gwada mahaɗin fita. Sannan ka tuna ka mayar da jiran yadda yake, wannan mantuwa ta sha jefa mutane cikin kunya.

Wurin awo, kada ka dogara da adadin waɗanda suka buɗe saƙo. Tun watan Satumban 2021 manhajar imel ta Apple take iya loda saƙonni da kanta don kare sirrin mai waya, sai a ƙirga an buɗe alhali ba a karanta ba. Ƙirga abu uku: nawa suka isa, nawa aka danna, sharhi nawa suka fito. Kowane giɓi yana nuna wurin ciwo. Saƙo yana isa ba a dannawa: duba akwatin tarkace tukuna, sannan take da lokaci. Ana dannawa sharhi ba ya fitowa: matsalar tana shafin da ake sauka, wataƙila yana neman buɗe asusu, ko fom ɗin ya yi tsawo, ko mahaɗin ba ya aiki a waya. Saƙo ba ya fita ga wasu: duba ko manhajar tana hana aika saƙo biyu kusa da juna. A Klaviyo wannan kariya awa 16 ce idan ba a canza ba, don haka tallar da ka aika da safe tana iya haɗiye roƙon sharhin da ya kamata ya fita da yamma.

Idan za ka gwada sauyi, canza abu ɗaya a lokaci guda, kuma fara da tsawon jira, don shi ya fi take tasiri. Ka bar gwajin ya tara ɗaruruwan saƙonni a kowane ɓangare kafin ka yanke hukunci. Bambancin sharhi biyu ko uku sa'a ce kawai.

Bayan sharhi ya shigo

Kunna sanarwa, ka naɗa mutum ɗaya da zai riƙa amsawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan ɓangaren kada a bar wa na'ura, amsa iri ɗaya a ƙarƙashin sharhi 30 kowa yana gane ta. Ga mai yabo, layi biyu da suka ambaci abin da ya faɗa sun isa. Ga mai suka, ka tuna masu saye na gobe kake rubuta wa: amince da abin da ya faru idan gaskiya ne, faɗi abin da za a yi, ba shi hanyar tuntuɓa kai tsaye. Kada ka fito da lambar odarsa, adireshinsa ko wani bayaninsa a fili, kuma kada ka ɗaura mayar masa da kuɗi da sharaɗin ya goge abin da ya rubuta. Idan an warware, ba laifi ka sanar da shi sau ɗaya cewa yana iya sabunta sharhinsa in ya ga dama.

Sau ɗaya a wata, tara duk sharhin da ke ƙasa da tauraro huɗu ka rarraba su bisa dalili: jigila, girma, inganci, ko mu'amalar ma'aikata. Dalilin da ya fi maimaituwa a miƙa shi ga mai kula da wannan sashe, a kuma ƙara bayaninsa a cikin saƙon dubawa, misali yadda ake canza girman da bai yi daidai ba, don kwastoma na gaba ya sami mafita kafin roƙon sharhi ya iso masa.